Yafiyar Da Aka Ɗana Wa Sabiru

Shafi na 17

Masu turo mini saƙo cewa na bar Sabiru tsaye a ƙofar gidan Alhaji kwana huɗu, ku yi haƙuri. Mutumin da ya yi wata tara yana bin kuɗinsa, kwana huɗu ba za su kashe shi ba.

*

Sabiru ya cire takalmansa a bakin falon Alhaji Sada Nagoggo, ya juya su suna kallon waje, yadda zai zura ƙafa da sauri in ta ɓaci. Shekara arba'in da shida a duniya, wannan kaɗai ya ƙware a kai bayan ɗaukar hoto.

A aljihunsa akwai takardar kuɗin aiki. Ita ce ta takwas. Bakwai na farko sun shiga gidan nan, ba wadda ta fito da labari.

Kwana uku ke nan da saukar Alhaji daga Makka. An idar da la'asar, masu zuwa barka sun ɗan lafa. Alhaji na kishingiɗe a kan kafet, ya jingina da wani ƙaton matashi, sabon haƙorin Makka yana leƙowa duk sanda ya buɗe baki. Kuma yau yana yawan buɗewa. Ƙanensa Maliki, wanda ke kula masa da shagon dusa da ƙulin shanu, yana gefe yana cin dabino yana tara ƙwallayen a tafin hannu.

"Salamu alaikum."

"A'a, mai hoto! Shigo mana. Maliki, ba shi tsarabarsa."

Maliki bai tashi ba. Daga inda yake ya cillo carbin roba, irin wanda ake sayen dozin a raba wa yara. Ya faɗo daidai gwiwar Sabiru.

"Barka da dawowa, Alhaji. Allah ya sa karɓaɓɓiya ce."

"Amin. Ai na yi maka addu'a a can. Na ce Allah ya ba ka sana'a."

"Ina da sana'a, Alhaji. Biya ne ba a yi."

Maliki ya daina tauna.

Sabiru ya zaro takardar, ya warware ta a kan kafet, ya danne gefenta da carbin.

"Tambarin shago. Allo biyu, na kasuwar Daura da na garin Babban Mutum. Kalanda dubu ɗaya da ɗari biyar. Bidiyon talla. Sai walimar bankwana. Dubu ɗari huɗu da saba'in, ban ƙara sisi a kai ba, ga shi wata tara ina bi."

Alhaji bai ko dubi takardar ba.

"Wane kuɗi ke nan?"

"Alhaji, don Allah."

"A'a, tambaya nake. Maliki, kana da labarin wani kuɗi?"

"Ni dai yafiya na sani, Yaya."

"To kunna masa. Wataƙila rana ta taɓa shi a hanya."

Maliki ya ɗauki wayarsa ya ƙure murya. Sabiru bai buƙaci kallo ba. Shi ya ɗauka, shi ya tace, shi ya sa furanni suna yawo a gefen hoton.

Walimar bankwana ce, kwana biyu kafin tashin maniyyata. Rumfa a ƙofar gidan nan, mutum wajen ɗari biyu, Malam Mahdi limamin unguwa a tsakiya. Alhaji ya miƙe kamar yadda kowane maniyyaci ke yi, murya na karkarwa.

"Jama'a, tafiya ce wadda ba a san dawowa ba. Duk wanda na ɓata wa, duk wanda ke bina kwabo ko naira, ya dubi Allah ya yafe mini."

Rumfa ta amsa gaba ɗaya, "Mun yafe!"

Sai Alhajin cikin waya ya share hawaye da bakin babbar riga, ya dubi kyamara kai tsaye.

"Sabiru mai hoto, kai fa? Na san akwai 'yan canji tsakaninmu."

Aka yi tsit. Kawuna suka juyo. Liman ma ya juyo.

Sai wata murya ta fito, ta fi ta kowa ƙarfi don ita ce mafi kusa da kyamara.

"Na yafe, Alhaji. Duniya da lahira."

Maliki ya tsayar da bidiyon.

Duniya da lahirar nan ba wanda ya tambaye shi. Shi ya ƙara daga aljihunsa. Duk wanda aka taɓa kiran sunansa a tsakiyar taro a garin nan, liman na kallonsa, ya san yadda baki ke riga hankali isa. Da yawanmu mun yafe abin da har gobe muke kwana da shi.

"Muryar wa ce?" Alhaji ya tambaya.

"Tawa ce."

"An sa maka wuƙa a wuya?"

"Kunya aka sa mini."

"Kunya?" Haƙorin ya leƙo. "To je ka gaya wa alƙali kunya. Ka san hanyar kotu ai. Ni ga shaiduna ɗari biyu, ga liman, ga faifan da ka haɗa da hannunka. Har furanni ka sa masa, Allah ya yi maka albarka."

"Alhaji, 'yan canji ka ce. Dubu ɗari huɗu da saba'in ne 'yan canji?"

"A wurina? Kuɗin ɗan maraƙi ne. Jiya da safe na loda shanu tirela biyu zuwa kudu."

"To biya mana, tunda ba komai ba ne."

"Ba a biyan abin da aka yafe. Ka koma islamiyya."

Maliki ya watsa ƙwallayen dabino a faranti, ya kakkaɓe hannu.

"Wai ma aikin me ka yi, Sabiru? Ka zauna a inuwa ka danna maɓalli. Mu muna kara, kasuwar shanu, tun asuba, kashin shanu har idon sawu. Kai ba shago, ba ofis, ba ubangida, sai jaka a kafaɗa kamar mai tallan maganin basir."

"Mai tallan maganin basir a hannu ake biyan shi, Maliki. Ya fi ni wayo."

"Ka sani ashe."

"Kuma saniyar da na zana maka a allo ta fi duk na shagonku ƙiba. Ita ke jawo muku mutane."

"Kai!"

"Bar shi," in ji Alhaji. "Yunwa ce ke magana. Sabiru, ɗauki carbinka. Ka gaida iyali."

Sabiru bai motsa ba. Wata guda ya yi yana haddace abin da zai faɗa yanzu, a banɗaki, a kan babur, har cikin sallah, Allah ya yafe masa. Ya gyara zama.

"Alhaji, ka tuna ɗan abin nan baƙi da na maƙala maka a wuyan riga ran walima?"

"Na magana?"

"Shi. Tun kafin jama'a su taru na maƙala maka. Na ɗora kyamara a kan ƙafarta na kunna, don in na kashe ta ba lallai ta sake tashi ba. Sai ka ja Maliki kuka shiga soro."

Alhaji ya kai dabino baki.

"Ba ka cire shi ba, Alhaji."

Maliki ya dubi yayansa.

"Abin sauraron kunnena ya mutu tun bara, shi ya sa ban ji a lokacin ba. Sai da na zauna tacewa, kana can kana ɗawafi. Na ji ka ce wa Maliki ya tsayar da mai hoton nan kusa da liman. Na ji ka ce za ka kira sunana. Ka ce, wannan ko akuya ce ta roƙe shi a gaban mutane ba zai iya cewa a'a ba."

Sabiru ya dubi Alhaji ido cikin ido.

"Maganar akuyar gaskiya ce. Amma alƙali zai so ya ji sauran. Na yanke wurin daga faifan da na ba ku. Asalin yana nan."

Abin da ya shirya gani shi ne fuskar Alhaji ta sauya. Ya ma shirya yadda zai ƙi karɓar rabi.

Alhaji ya yi hamma.

"Yana ina?"

"Inda hannunka ba zai kai ba."

Maliki ya fashe da dariya har sai da ya ƙware. Alhaji ya ɗan karkata, ya zura hannu bayan matashin da ya jingina da shi, ya jawo wani abu ya ajiye a kan kafet, a saman takardar kuɗin.

Kwamfuta ce baƙa. Kusurwarta ta hagu an ɗaure da salatif. A bayanta akwai tambarin da ya kusa gogewa: Sabiru Hoto Da Zane.

Sabiru ya kai hannu ya taɓa salatif ɗin.

"Wannan jingina ce. Tana wurin Hussaini."

"Da ke nan."

"Sai Juma'a wa'adina zai cika!"

"Hussaini mai gyaran waya ba ya kallon kalanda, ko da kai ka buga ta. Kuɗi yake kallo."

Ga yadda abin yake, ga wanda ya manta. Da Alhaji ya ce a buga kalanda bai ba da kafin alƙalami ba. Ya ce tsakaninsu ba ta kai ga haka ba. Masu buga takardu a Kano kuwa ba su san wannan zumuncin ba. Sai Sabiru ya ranci dubu ɗari biyu wurin Hussaini, abokinsa tun firamare, ya ajiye masa kwamfutar. Hussaini ya bar shi yana zuwa shagon yana aiki da ita a kan benci, amma ba ta ƙetare ƙofa. A kan bencin nan ya ji maganar soro. Kuma da yake bai taɓa riƙe makami ba a rayuwarsa, mutum na farko da ya gani shi ya nuna wa.

"Hussaini, zo ka ji! Na kama shi!"

Sau uku ya kunna masa. Har tafawa suka yi.

"Dubu ɗari biyu da hamsin na ba shi," in ji Alhaji. "Hamsin ɗin ladan kunnensa ne."

Sabiru ya ɗago ya dube shi.

"Ka iya fitar da ɗari biyu da hamsin don kada ka biya ni ɗari huɗu da saba'in?"

"Ka ga na yi riba ke nan."

"Alhaji, kwana uku da dawowarka daga ɗakin Allah."

"Kada ka kawo mini wa'azi cikin gidana!" Alhaji ya tashi zaune, murmushin ya tafi. "Kai wane ne? Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Kai ne ka tare ni a kara, gaban fatake, kana kaɗa mini takarda kamar na ci na marayu. Tun ranar na rantse ba za ka ga ficikata ba."

"Sau biyar na zo gida kafin nan. Kullum a ce kana wanka."

"To ina wankan!"

"Kifi ma yana fitowa ya sha iska, Alhaji."

Maliki ya yunƙura. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Zauna. Sabiru, ina memorin kyamara?"

Sabiru ya sunkuyar da kai.

"Hussaini ya ce ka goge shi ka ɗauki bikin suna a unguwar Kusugu. Haka ne?"

Haka ne. Memori ɗaya gare shi. Mai ɗaya ba ya ajiyar tarihi.

"Ka ga saura wannan." Alhaji ya buga bayan kwamfutar da yatsa. "Matsalar, ka kulle ta. Hussaini ya kwana yana gwada sunayen 'ya'yanka, ta ƙi. Ya ce abu ɗaya zai iya, ya wanke ta tas, ta koma kamar ranar da aka ƙera ta."

"Akwai bikin mutane uku a ciki. Ban ba su ba. Sun biya rabi."

"Na sani."

"Aikina na shekara goma sha ɗaya yana ciki."

"Shi ma na sani. Shi ya sa zan yi maka adalci, don ban daɗe da sauka ba, zuciyata da sauran taushi. Ka buɗe ta a gabana. Ka goge maganar soro ina kallo. Ka ɗauki abarka ka tafi, na biya maka Hussaini, ba ka bina ba na binka."

"In na ƙi fa?"

"Maliki ya kai wa Hussaini kafin magariba. Gobe in ba yara su yi wasan mota da ita. Kai kuma ka je ka yi wa ango uku bayani."

Maliki ya karkato.

"Ɗaya daga cikinsu soja ne, ko ba haka ba?"

Soja ne.

Sabiru ya dubi kwamfutar. Da ita ya biya kuɗin haihuwar 'yarsa Amatullah. Da ita yake sayen buhun gero duk kaka. In ta tafi, abin da ya rage masa kyamara ce mai ciwon tashi, da jakar da Maliki ya gama zagi. In ya goge kuma, ya yafe ke nan karo na biyu, wannan karon ba liman ba taro, shi da kansa.

Ya tuna fuskar matarsa Firdausi da safe, tana miƙa masa hula. Ba ta ce komai ba sai, "Malam, don Allah yau kada ka yi musu kirki."

Ya jawo kwamfutar gabansa.

"Ina caja?"

"Ba mu saya da caja ba," in ji Maliki.

Ya buɗe ta, ya danna. Ta yi ƙugin da ta saba, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Batir saura kashi shida. Ya san halinta, shidan nan ba ta kai minti biyar.

Ya kare maɓallan da tafin hannu ya rubuta lambar sirrin. Ba sunan ɗa ba ne. Adadin kuɗin da yake bin Alhaji ne, ya sauya tun bayan walima don kada ya manta shi wawa ne.

Ta buɗe.

"Yawwa," in ji Alhaji. "Ashe kana da hankali."

Maliki ya zagayo ya tsaya a kansa, numfashinsa duk dabino. Sabiru ya shiga inda ya adana aikin walima. Ga shi nan, shi kaɗai a gefe, ya sa masa suna Soro.

Kashi huɗu.

"Goge," in ji Alhaji.

"Salamu alaikum! Masu gida suna ciki?"

Su ukun suka juya.

Malam Mahdi ne a bakin ƙofa, yana cire takalmi yana dogara sanda. A bayansa dattawa biyu na sahun gaba, waɗanda ba a ɗaura aure ko a raba gado a unguwar ba su.

Fuskar Alhaji ta koma ta Makka nan take.

"Allah gafarta Malam! Bismillah, bismillah. Maliki, kawo zamzam. Ai da ka aiko ni na zo."

"Haba, mai sauka ake zuwa wa." Liman ya zauna a hankali, ya ɗauki dabino ɗaya. Sai ya hangi Sabiru. "A'a, Sabiru mai yafiya. Ka san ranar nan ka burge ni? Har misali na ba da da kai a karatun asuba. Na ce ga talaka, amma zuciyarsa ta fi ta masu kuɗi."

"Na gode, Allah gafarta Malam."

"Me ake kallo ne?"

"Hoton walima yake gyara mana," Alhaji ya yi saurin cewa. "Akwai wani wuri da bai yi kyau ba, zai cire. Sabiru, cire mana mu ga. Yanzu."

Ƙafar Maliki ta taka yatsun ƙafar Sabiru, ta danna.

Kawuna suka juyo. Liman ma ya juyo. Irin kallon ranar walima sak, irin shirun sak. Sabiru ya ji bakinsa ya fara haɗa "to, Alhaji" da kansa, ba tare da ya nemi izini ba.

Ya cije leɓe.

Kashi biyu.

Ya ƙure murya, ya danna.

Hoton rumfa ya fito, kujeru babu kowa. Sai ƙarar buɗe ƙofa, sai shafar riga a jikin abin magana. Sai muryar da duk unguwar ta sani ta cika falon.

"Maliki, turo ƙofar nan. Zo in gaya maka yadda za mu yi da kuɗin mai hoton nan. In Malam ya zauna, ka tsayar da shi daidai inda..."

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Dabinon liman yana tsakanin yatsunsa, bai kai baki ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Inna lillahi," a hankali, kamar ba ya so a ji.

Liman ya mayar da dabinon faranti.

"Alhaji Sada. In na zauna, a tsayar da shi ina?"

"Allah gafarta Malam, haɗi ne. Yaran nan na yanzu ba abin da ba sa haɗawa da kwamfuta."

"Yaro?" Liman ya dubi furfurar gemun Sabiru. "To. Sabiru, miƙo mini ita nan. A hannuna za ta kwana, gobe mu ji ƙarshen zancen."

Sabiru ya rufe ta, ya ɗaga da hannu biyu.

Tafin Alhaji ya sauka a kanta, ya danne ta ƙasa.

"Kayana ce, Malam. Da kuɗina na saya."

Liman ya ɗora ƙarshen sandarsa a ɗaya gefen.

"Maliki," in ji Alhaji, idonsa a kan liman, "rufe ƙofa."